Gadon Sama a Jirgin Ikko

Litinin, 10 ga Maris, 1980

Ƙarfe huɗu da rabi na yamma, a ofishinmu na kamfanin jima a Challawa. Kowa ya tashi sai ni.

Manaja ya kira ni ɗazu. Injin tsaga fata da aka yi oda ya iso Apapa, ni zan je in duba shi kafin a ɗoro shi zuwa Kano. Wata biyar ke nan da na fara aiki, ba a taɓa aike na ko Kaduna ba. Har na fara murna, sai ya ce, "Da Malam Gwadabe mai sito za ku, shi ya san mutanen tashar jirgin ruwa." A jirgin ƙasa, ranar Asabar.

Malam Gwadabe shi ne mahaifin Zaituna. Tun watan jiya Kawu Ashafa ya je masa da maganar ina neman aurenta, amsar da ya samo ita ce, "A bari mu je Ikko mu dawo." Ashe ya san da tafiyar kafin ni. Kuma na ji akwai wani mai shago a Kantin Kwari da shi ma ya aika.

Kwana da wuni a hanya, idonsa a kaina. Na ƙudura ba zai ga aibi ko ɗaya ba.

Talata, 11 ga Maris

Na je tasha yanko tikiti. Ƙa'idar kamfani ita ce mai digiri faskila, sauran ma'aikata sikinkila. Wato ni in miƙe ƙafa a ƙarƙashin fanka, shi yana can a kujera da furfurarsa. Ba zai yiwu ba. Na cika daga aljihuna na yankar masa faskila shi ma.

Akawun ya ce, "Tunda kamfaninku ɗaya, na haɗa ku ɗaki guda." Na yi masa godiya. Sai da na zo bakin ƙofa na koma na tambaye shi yadda ɗakin yake, don ni iyakata bencin katako tsakanin Kano da Zariya lokacin ina jami'a.

"Bene ne, ranka ya daɗe. Gado biyu, ɗaya a kan ɗaya."

Na ce a raba mu. Ya ce taragon ya cika.

Da hannuna na yi wannan.

Laraba, 12 ga Maris

Na gaya wa Yaya Uwani, tunda a gidanta nake zaune a Sharaɗa kuma komai na ɓoye sai ta tono. Ta yi dariya har ta ajiye muciya.

"Idrisu, kai da ko ruwa ba ka iya sha a layinsu, za ka haye kan mutum ka kwanta kamar buhun gero?"

Na ce abin da nake tambaya shi ne mafita. Ta ce mafita ita ce in yi zazzaɓi ranar Juma'a. Da ta gama tsokanar sai ta lissafa min abin da na riga na sani: ba na cin abinci a gabansa, ba na miƙe ƙafa, ba na cire hula. Gadon sama kuwa ta ce ita ba ta taɓa jin hukuncinsa ba, don a garinmu Gezawa ba a ɗora gado a kan gado.

Na yi tunanin in ba shi saman, ni in kwanta a ƙasa. Babba ai shi ke sama.

Alhamis, 13 ga Maris

Na ga Zaituna a zaure bayan la'asar, a tsaitsaye. Na tambaye ta a kaikaice ko Malam yana iya hawa tsani. Ta ce gwiwarsa ta hagu ko matakalar masallaci da ƙyar. Shi ke nan, waccan dabarar ta mutu.

Ta ce, "Ka cika tsoro. Baba fa ba ya cizo." Na ce ba cizo nake tsoro ba, shirunsa. Ta ce wannan kam har su ba su saba ba.

Na yanke shawara. Ba zan hau gadon ba. Akwai siririyar hanya a gefen ɗakunan, a nan zan kwana. Abinci kuma a taragon cin abinci, ni kaɗai. Dare ɗaya ne.

Juma'a, 14 ga Maris

Na goge kaya kala uku. Ba zazzaɓi.

Asabar, 15 ga Maris

A tsaye nake rubutu, jikin taga, mun bar Kaduna. Hannun sai a hankali saboda jijjiga.

Ɗakin ya fi yadda na zata kyau, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Kujera doguwa mai laushi wadda ita ce gadon ƙasa. Na sama a naɗe jikin bango, sai an sauke shi ya rataya da sarƙa biyu. Fanka tana aiki. Akwai ɗan famfo da kwano a kusurwa, taga mai gilashi da wani marfin katako na tare rana. Da ni kaɗai ne da na ji daɗin duniya.

Malam ya riga ni zuwa. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce, "Injiniya, an ce kai ka yi mini wannan gatan. Allah ya yi albarka." Ya zauna ta wajen taga. Ni na tsaya a ƙofa har muka haye gadar Challawa, ya nuna hayaƙin kamfaninmu ya ce yau su za su sha warin. Daga nan ya dube ni.

"Kujerar nan fa ta mutum uku ce."

Na ɗosana a can ƙarshe. Rabin jikina a iska.

Wajen Zariya ya buɗe samira: soyayyar kaza da dambun nama, an ɗora gurasa a kai. Na san hannun wadda ta soya. Ya ce bismilla. Na ce alhamdu lillahi na ƙoshi, alhali shayi kawai na sha da asuba. Ya ɗan tsaya, ya mayar da murfin.

Da azahar na sulale taragon cin abinci. An kawo min shinkafa da miya, na kai cokali biyu, sai ga Malam da fulas a hannu yana neman ruwan zafi. Na miƙe tsaye na tura farantin gaban wani Bayarabe da ke kusa da ni. Mutumin ya dube ni, ya dubi farantin, ya ci gaba da shi.

A Kaduna mun sauka mun yi sallah a dandamali, shi ya ja. Wannan kaɗai ne abin da ya tafi daidai yau.

Lahadi, 16 ga Maris, da hantsi

Mun haye Kwara a Jebba da sassafe. Ban ga komai sosai ba, idona kamar an zuba yashi.

A hanyar na kwana, a kan akwatina. Duk mai zuwa banɗaki sai na tashi. Sule, ma'aikacin taragon, mutumin Gusau ne, shi ya sauke gadon saman jiya ya shimfiɗa farin zane. Da ya same ni da safe ransa ya ɓaci.

"Maigida, kuɗin cizo ka gani a gadon nawa?"

Na ce a'a. Ya ce to sarƙar ce ba ka yarda da ita ba? Ya ce ya ɗora Alhazawan da suka ninka ni uku a kanta. Da ya dame ni na ce masa a hankali dattijon nan 'yarsa nake nema.

Ya dubi ƙofar ɗakin. Sai ya ce, "To ai kun yi biyu. Leƙa ka gani."

Na leƙa. Zanen gadon ƙasa ko lanƙwasa bai yi ba. Malam yana zaune inda na bar shi jiya, carbi a hannu, ya cire takalmin hagu don ƙafar ta kumbura har idon sawu ya ɓace. Samira tana nan a ɗaure. Sule ya ce ya yi masa magana cikin dare, Malam ya ce shi ba zai miƙe a gadon da yaro ya saya masa ba yaron yana tsaye a waje. Kuma ba zai ci shi kaɗai ba.

Ni ina can ina ganin ladabi nake yi. Mutum mai shekara sittin da ciwon gwiwa na hana barci da abinci. Gobe kuma shi zai yi ta zirga-zirga a Apapa.

In na hau, na kwanta a kan wanda nake so ya zama surukina. In ban hau ba, ƙafar nan sai abin da ya ƙaru. Na auna, na sake aunawa. Ƙafar ta fi.

Zan shiga yanzu.

Lahadi, da daddare, masauki a Ebute Meta

Na shiga na durƙusa na ce, "Malam, a gafarce ni. Zan hau sama, don ku samu ku miƙe ƙafar."

Bai dube ni ba. Ya ce, "Wanda ya ƙera jirgin shi ya ɗora ka, ba kai ka ɗora kanka ba. Hau."

Na tsaya na ga inda ya sa matashinsa, na mayar da nawa wannan ɓangaren, don kada ƙafata ta zo saitin kansa. Na cire takalmi na hau da hulata. Niyyata in kwanta shiru in ji ya yi barci, sannan in sauko.

Katifar ba ta da kauri amma ta karɓe ni. Fanka tana dab da fuskata. A sama jijjigar ta zama lilo. Na ji shi yana gyara kwanciya a ƙasa, ya yi ajiyar zuciya mai tsawo. Na tuna na ji ana kiran Ilori.

Da na farka, Abekuta.

Hulata ta faɗo ƙasa, an ɗauke ta an ɗora a kan akwati. Ba kowa a ɗakin, ƙofa a janye. A kan kujera ga samira, an ci rabi, an bar cinya biyu da gurasa. Sule ya leƙo ya ce, "Dattijo ya ce in an tashi a ci. Yana shan iska."

Ta gilashin ƙofa ina hango bayan rigarsa. Ya juya wa ɗakin baya yana kallon daji. Na ci. Kunya tana cina, ni kuma ina cin kaza. Bai juyo ba sai da ya ji ƙarar famfo ina wanke hannu.

Sallolin da suka wuce ni na rama a nan.

Na tambayi Sule ko na yi minshari. Ya ce shi aikinsa shimfiɗa ne, ba sauraro ba.

Talata, 18 ga Maris

Injin lafiya lau, sai wuƙa ɗaya ta ajiya da ba a sako ba, na sa an rubuta kafin in sa hannu. Ƙafar Malam ta saɓe.

Amma tun jiya bai kira ni Injiniya ba, bai kira ni Idrisu ba. A ofishin fito na ji yana ce wa wakilinsu, "Ka ba wancan ya duba." Ina tsaye kusa da shi.

Alhamis, 20 ga Maris

A jirgin komawa. Malam ya je tasha da kansa jiya, ya sa an raba mu. Yana ɗaki na uku daga nawa tare da wani ɗan kasuwar Funtuwa. Ni an haɗa ni da wani soja mai ƙiba wanda ya ce shi ba ya hawa bene.

Da muka haɗu a hanya zan gaishe shi, ya amsa yana kallon taga, ya koma ciki.

To ko na ɓata ne. Na kwanta a kansa, na yar da hula, na bar sallah ta wuce, na cinye masa kaza. Mai shagon Kwari bai yi ko ɗaya ba.

Duk da haka in an sake mayar da ni safiyar Lahadi, hawa zan yi. Na duba ta kowace fuska ban ga wata hanyar ba.

Na hau sama tun kafin Ibadan.

Lahadi, 23 ga Maris

Na zayyana wa Yaya Uwani komai jiya, har maganar raba ɗaki da daina kiran suna. Ina jira ta jajanta min, sai ta tashi ta rangaɗa guɗa a tsakar gida har maƙwabta suka leƙo.

"Digirin naka na mene ne? Da can da yake kiran sunanka yana buɗe maka samira, ai abokin aiki ya ɗauke ka. Kunyarka ya fara ji, sakarai."

Na ce wannan fassararta ce, ba hujja ba ce.

Yau da safe Kawu Ashafa ya aiko. Wai Malam Gwadabe ya ce a je Kumbotso ranar Juma'a a ga ƙanensa Malam Lawan, shi ne mai ba da 'ya'yan gidan. Ban ce an ba ni ba. An dai ce a je.

Abin da ban sani ba har yanzu:

Abin da Malam Lawan zai ce.

Ko an sallami mai shagon, ko shi ma an tura shi Kumbotso.

Yadda zan riƙa karɓar kaya a sito gobe, tunda sai na sa hannu a gabansa kuma yanzu ba ya kallona.

Ko na yi minshari. Zaituna ta ce ta ji Baba yana ba Inna labarin jirgin suna dariya ƙasa-ƙasa, da ta shigo suka yi shiru. Ta ce ta ji kaɗan, in ina so ta gaya min.

Na ce ta bar shi.