Bidiyon Ranar Suna

Litinin, 13 ga Janairu 2020
Sun kama Baba Ƙasimu mai tsire da safiyar nan. Matarsa Kaltuma ce ta same ni a ofis, ko mayafi ba ta yafa daidai ba. Wai cin mutuncin ƙabila. Sabon sashen nan ne da aka ƙara a dokar laifuka watan jiya, wanda mu lauyoyi muka zauna a otal muna shan lemo muna tafa masa, wai yanzu masu zage-zage a Facebook za su shiga taitayinsu. To ga na farko da ya faɗo hannuna: tsoho mai ciwon sukari, wanda ko kunna wayar shafa bai iya ba.

Talata, 14 ga Janairu
Na ga bidiyon. Ranar sunan jikan Malam Haman tela ne, aminin Baba tun kafin a haife ni. Baba Babarbare, Malam Bafulatani, kuma duk unguwarmu ta Briqueterie an san wasan da ke tsakanin ƙabilun nan biyu, gado ne. Baba ya ɗaga jaririn yana cewa an haifa wa Barebari sabon bawa, a ba shi ya rene shi kafin Fulani su koya masa bin wutsiyar saniya. A nan bidiyon ya yanke. Ina wurin ranar, na ji yadda Malam ya rama har liman ya share hawayen dariya. Wannan rabin bai shiga waya ba, ni kuma lauya ba ta zama shaida a shari'ar da take karewa.

Alim, ɗan Malam, uban jaririn, shi ya kai ƙara. A makarantar kwana ya tashi, yanzu ma'aikacin gwamnati ne. Bidiyon ya zaga wayoyin ofishinsu, suka mai da shi abin dariya. Ana maganar ɗauri har na shekara biyu. Baba ba zai fito da rai ba, na sani.

Juma'a, 17 ga Janairu
Mai gabatar da ƙara ɗan kudu ne, kuma abin haushin ba mugu ba ne. Na yi ta fama da Faransanci ina yi masa bayanin abokan wasa. Ya saurara har na gama, sannan ya kira ni da laƙabin lauyoyi ya ce, "Maître, a ƙasar da ake ƙone ƙauyuka saboda yare, kina gaya mini kiran jariri bawa wasa ne?" An hana beli.

Laraba, 22 ga Janairu
Gidan yari. Ƙafafunsa sun kumbura. Da ya gan ni sai ya washe baki: "'Yata, ki gaya wa wancan bawan nawa ya ɗinko mini hula, kaina na shan sanyi." Na ce Baba don Allah ka rage murya, ga gandiroba nan. Ya dube ni kamar na yi masa Turanci. Har yanzu ɗauka yake kuskure aka yi, gobe Haman zai zo su yi dariya.

Litinin, 3 ga Fabrairu
Na je shagon Malam Haman. Shaidarsa kaɗai ta isa ta rushe ƙarar. Bai tsayar da keken ɗinki ba har na gama magana. Ya ce, "In na tsaya gaban alƙali na ce wasa ne, na mai da ɗana maƙaryaci a gaban hukuma. Aikinsa fa? Yaransa fa?" Na ce aminin naka fa, Malam? Ya koma kan ɗinkinsa. Da zan fita ya miƙo mini hula a leda, ashe ya riga ya ɗinka tun kafin saƙon ya iso. Na so in jefa masa abinsa. Na karɓa.

Alhamis, 6 ga Fabrairu
Kaltuma ta rufe wurin tsire. An kai Baba asibitin gidan yari, an mayar da shi.

Talata, 18 ga Fabrairu
Alim ya zo ofis da kwat ɗinsa. Zai janye ƙarar, mai gabatar da ƙara ma ya nuna ba zai ja ba, da sharaɗin Baba ya tsaya ƙofar masallaci bayan Juma'a ya nemi gafarar Fulani, a ɗauka a waya. Na ce Alim, mutumin nan ya goya ka a kafaɗa zuwa kasuwar Mokolo. Ya ce, "Zamanin nan ya wuce, Maître." Na tsane shi, kuma na tsani cewa a takarda shi ke da gaskiya.

An ba da beli. Ni na tsara kalmomin da Baba zai faɗa. Karatun da na yi a jami'a, yau ga amfaninsa.

Juma'a, 21 ga Fabrairu
Ya faɗa. Sau biyu ya tsaya ya waiwayo ni, na ɗaga masa kai ya ci gaba. "Abin da na faɗa zagi ne, ba wasa ba." Wayoyi sama kamar ranar biki. Malam Haman yana can baya, da aka watse ya matso, suka yi musabaha. "Sannu, Malam Ƙasimu." "Yauwa, Malam Haman." Kamar mutum biyu da suka haɗu a tashar mota.

Abokan aiki suna ta taya ni murna, wai na fitar da mutum ba tare da an zauna shari'a ba.

Asabar, 7 ga Maris
Bikin ɗiyar Ramatu, 'yar uwarmu, a unguwar Ekoudou. Dangin ango Fulani ne, mu kuma Barebari. Inna, mahaifiyata, ta miƙe da goronta a kunci, ta fara musu abin da ta saba tun ina goye, wai su ajiye sandunansu a waje kada su kora mana baƙi zuwa kiwo. Tsofaffinsu har sun fara gyara zama za su rama. Sai na hango wata yarinya ta ɗaga waya.

Ban san lokacin da na ja mayafin Inna ba. Na ce, Inna, ya isa, zauna. A gaban surukai.

Ta zauna. Har muka shiga tasi ba ta dube ni ba.

Ban yi laifi ba. Duk wanda ya san abin da na sani haka zai yi. Kawai dai tsofaffin can sun daɗe suna jira ta ƙarasa, sai ɗayarsu ta ce a kawo abinci.