Gwiwar Hannu a Ruwan Tsohuwa

Alumine, 9 ga Janairu

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa da girmamawa. Yaya jiki, yaya idon da aka yi wa aiki? Ina fata zafin Neuquen bai dame ka ba. Yaya Nelida, na san ke ce mai karanta masa, to ki ɗaga murya, kada ki tsallake layi yadda kika saba.

Ka ce in ba ka labarin kogi. Baba, kogi ya rame. Ƙanƙara ba ta sauka sosai a duwatsu ba bara, ga shi yanzu muna gani. Duwatsun da ban taɓa ganin bayansu ba duk sun fito. Da sassafe kifayen turucha na cin ƙugiya, amma kafin ƙarfe goma ruwa ya yi ɗumi, sai su lafe a ƙasa. A tabki ma sun gudu can zurfi. Ina bin ƙa'idarka: in naɗe hannun riga, in tsoma gwiwar hannu, in ruwan bai cije ni da sanyi ba a naɗe fatsa a koma shan shayinmu na mate, don kifin da aka gajiyar a ruwan ɗumi ko an sake shi ba ya rayuwa.

Baƙon da nake yi wa jagora wannan makon wani likita ne daga Cordoba. Amininka Baba Anselmo kuma bai fasa tsokanata ba. Shekaranjiya a gaban baƙi ya ce, "'Yar Evaristo, sandar fatsar ubanki ce a hannunki, amma kifayen sun san ba shi ba ne!" Kowa ya yi dariya, ni ma na yi.

Ka tambayi Tsohuwa, babbar turuchar nan taka. Tana nan lafiya a gurbinta na idon ruwa. Ka kwantar da hankalinka, da an cire maka bandeji za ka gan ta.

'Yarka,
Delfina

Alumine, 17 ga Janairu

Babana,

Ina gaishe ka, ina yi maka fatan sauƙi. Yaya, wannan karon ki karanta a hankali, kuma don Allah kada ki ce komai sai kin kai ƙarshe.

Baba, ƙarya na yi maka a wasiƙar da ta wuce. Ranar da na rubuta cewa Tsohuwa tana lafiya, kwananta ɗaya da mutuwa. Ni na binne ta.

Kwana uku Likita bai kama ko ɗan yatsa ba. A rana ta ukun ya dube ni ya ce, "Yarinya, ni fa mahaifinki aka ce in nema. Yaushe zai dawo?" Bai faɗa da mugunta ba, amma wallahi na ji kamar ya watsa mini ruwan zafi. Ga maganar Baba Anselmo tana ta yawo a kaina. Sai na ce a raina, yau za su san 'yar wa nake.

Na kai shi idon ruwa da rana tsaka. Wurin da ka ce in zafi ya yi ba a jefa ƙugiya, domin nan ne kaɗai kifi ke samun sanyin da zai numfasa. Wurin da shekara tara ba ka nuna wa baƙo ko ɗaya ba. Garin sauri na manta ban tsoma gwiwar hannu ba. Na ɗaura masa ƙugiyar nan taka mai kamar ƙuda, ta gashin jan zakara. Jifa biyu, wata babbar turucha ta kama.

Ta ja shi ta fita daga sanyin, ta shiga tsakiyar kogi. Na yi ta cewa ya yi sauri, shi kuwa daɗi yake ji, yana ta ihu yana sakar mata zare. Sun fi rabin awa. Da ta zo hannu na ga tsagar nan ta wutsiyarta, na tabbata Tsohuwa ce. Ya ɗaga ta da busassun hannuwa don hoto, ya ce in ƙara ɗauka, na ƙara.

Na mayar da ita bakin idon ruwa na riƙe ta, kanta na fuskantar ruwan, yadda ka koya mini. Sai in sassauta hannu ta kife. In gyara ta, ta sake kifewa. Har hannuna ya mutu ina riƙe da ita ina ce mata, "Haba Tsohuwa, haba." Kai sau shida kana kama ta kana sakinta ta tafi da ƙarfinta. Ni sau ɗaya.

Ina cikin tona rami a gindin bishiyar da kake rataye hularka, sai ga Baba Anselmo a kan dokinsa. Na jira baƙar magana, har na so ya yi ta. Ya sauko, ya dube ta, ya cire hula. Ya karɓi shebur daga hannuna ya ƙarasa ramin. Tun ranar bai sake tsokanata ba. A kanti in na shiga sai hira ta tsaya. Kunya ta hana ni zuwa sayen burodi, sai na aiki maƙwabciya.

Ka ce abin da kake so ka fara gani da sabon idonka ita ce. Ban san yadda zan haɗa ido da kai ba. Ka yafe mini mantuwar nan, Baba.

'Yarka,
Delfina

Alumine, 26 ga Janairu

Babana,

Gaisuwa da ban girma. Na yi murna da jin an cire bandeji, har kana iya karatu da kanka. Allah ya ƙara haske. Ka gaishe mini da Yaya.

Direban bas ya kawo mini takardarka shekaranjiya. Na zauna a bakin ƙofa na shirya wa faɗa, na buɗe, sai na ga layi ɗaya tak da rubutunka: "Delfina, tun kina shekara shida ba ki taɓa zuwa bakin ruwa ba ki naɗe hannun riga ba. Da gaske kin manta?"

Kwana biyu ina ɗaukar biro ina ajiyewa. An yi ruwan sama ranar Talata, kogi ya ɗan yi sanyi, kifi sun fara tasowa da yamma. Ni ban je ba. Na sallami baƙin da suka rage, na tura su wajen Baba Anselmo. Sandarka ta gora na goge ta, na mayar da ita kan ƙusoshinta. In ka dawo ranar Asabar, kai za ka faɗi hannun da za ta koma. Zan zo tashar bas in tsaya inda za ka gan ni.

Gara da kai za ka karanta wannan da idonka, ba wani ya karanta maka ba.

Ban manta ba, Baba. Likita na can yana gyara zare, na durƙusa na naɗe hannun riga na tsoma. Ruwan ɗumi ne, kamar wanda ake yi wa jariri wanka. Na ji shi sarai. Sai na saki hannun rigar da sauri don kada ya ga ya jiƙe ya tambaye ni, na tashi na ce masa, "Likita, jefa."

'Yarka, in har yanzu ka yarda,
Delfina