Miyar da aka lasa wa Sadiya

Assalamu alaikum Inna. Ina gajiya, ya gida, ya ƙafar Baba?

Inna, raina a ɓace yake. Busasshen attaruhun da kika aiko daga Sakkwato, na yi miyar naman sa da shi. Ina tuƙin tuwo, Hajiya uwar mijina ta tsoma yatsa ta lasa wa Sadiya, wai harshenta ya san gida. 'Yar wata huɗu fa! Kwana biyu tana zawo, sai da muka kai ta asibiti a garin Madani. Hakim, wato likita, ni ya yi wa faɗa, ba Hajiya ba. Har yau yarinyar ba ta kama nono sosai.

Sauran attaruhun na watsa shi cikin ruwan tur'a, magudanar ban-ruwan gonaki, kada ki ƙara aikowa. Ki yi mata addu'a, Inna, tsoro nike ji. A gaida su Yaya.

'Yarki, Hadiza