Fitila Mai Ido Biyu

Zuwa ga Ma'azu, inuwar gawo a tsakiyar rani, nonon safe da ba a sirka ba, ruwan farko a kan busasshiyar gonar raina, taubashina kuma ciwon zuciyata.

Ina gaishe ka, amma kada ka nemi sanyi cikin gaisuwar nan, ban da shi. Ya jiki? Ya ƙafa? I, ƙafa na ce! Dangi duka suna kewaya kalmar kamar masu tsoron taka wuta, ni kuwa ba zan kewaya ta ba. An yanke ta ƙasa da gwiwa, na sani, kuma ina nan inda ka bar ni.

Jiya da hantsi yayanka Is'haƙa ya zo shagona, ya tsaya yana murza hula a hannu. Wai ka aiko shi. Wai ka janye maganar aurenmu, wai makiyayi mai ƙafa ɗaya ba miji ba ne, wai in nemi wani. Ƙarfen dalma da nake liƙin rediyo da shi yana hannuna da zafinsa, wallahi Allah ne kaɗai ya tsare Is'haƙa, don sai na soka ƙarfen cikin katakon tebur har hayaƙi ya tashi. Kai, Bafillace! Wa ya gaya maka ƙafarka nake so? Da ƙafa nake nema, da na auri jaki, ga su nan har huɗu. Tun kaka da kakanni ku bayinmu ne mu Arawa, yaushe bawa ya fara sallamar uwargijiyarsa?

Ka tuna ranar da ka ce in haɗa maka fitilar ruga, wadda za ta sha rana ta kwana tana ci? Ka zauna kan bencin shagona, sandarka a kafaɗa, ƙanshin man shanu da hayaƙin kara yana tashi daga rigarka. Na jawo labule na rufe taga, na kunna ƙwan fitila biyu ɗaya bayan ɗaya a gaban fuskarka. Fari fat ya maishe ka kamar wanda ya tashi daga jinya. Na kunna mai ruwan zuma, sai ga ka, ya hasken idona, kamar an tsoma ka cikin zinariya, har tsagen da ke gefen bakinka yana murmushi. Kai fari ka ce kana so, irin na tocilan kasuwa. Ni na hana. Na ce fari yana tara ƙwari, yana kashe ido, yana firgita maruƙa. Duka gaskiya ne, amma ba su ne dalili ba. So nake duk inda ka sauka a daji ka zauna cikin hasken da na gan ka a ciki. Don haka na liƙe mata ruwan zuma kaɗai, ban bar maka zaɓi ba.

Da wannan fitilar ka fita bayan magariba a mashekarinku na Dumega, inda kuka sauka da shanu, za ka ɗaure maruƙa a igiyar dangwali. Da ita ka haska yashi, ka ga yashi, ka taka kububuwa. Wayyo, Ma'azu! An ba ni labarin jinin da ya riƙa fita daga dasashinka, da ƙafar da ta kumbura ta yi baƙi, da amalanken jakin da ya yi ta jijjiga ka kafin a kai ga mota. Kowa ya ce ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, amma da hannuna aka liƙa ta.

Ka san abin da na yi? Na sa aka kawo mini fitilar, na jefa ta cikin turmin Inna, na daka ta da taɓarya har gilashinta ya koma gari, maƙwabta suna leƙowa ta kan katanga suna cewa iskoki sun hau ɗiyar mutane. Washegari na hau kabu-kabu zuwa mashekarin, da hauya da farar tocila. Na bi tushen kowace sabara, na kife kowane busasshen kashin shanu. Uku na samu. Ban san wadda ta sare ka ba, shi ya sa ban bar ko ɗaya ba. Na sassare su, na farfasa kawunansu har ƙotar hauya ta tsage mini tafin hannu, kuma zuciyata ba ta huce ba.

Ɗaya na ɗauko cikin leda na kawo shago. Na zuba yashi a tire, na shimfiɗa ta a kai, na rufe taga kamar waccan rana. Na kunna ruwan zuma: babu maciji, Ma'azu, yashi ne kawai, ta narke a ciki. Na kunna fari: ga ta nan da ɗigo-ɗigon bayanta, ko makaho ya gan ta. Na kunna na kashe ya fi sau hamsin ina kuka. Hasken da ya ƙawata mini fuskarka shi ya ɓoye maka mutuwa.

Ga sabuwa nan na ba Is'haƙa ya kawo maka tare da wasiƙar nan. Ido biyu gare ta, ƙwai shida farare, shida ruwan zuma, da abin murɗawa da na ciro daga tsohon rediyon Baba. In ka murɗa dama, fari ne, na duba ƙasa da gindin dangwali da bakin rijiya. In ka murɗa hagu, ruwan zuma ne, na zama da hira da cin tuwo, ƙwari ba za su dame ka ba. Tsakanin biyun duk inda ka tsayar ta tsaya. Na koyi darasina da jininka: ba zan sake zaɓar maka haske ba. To kai ma wa ya ba ka izinin zaɓar mini miji?

Ka ce ba za ka iya bin garke ba. Ƙannenka su bi. Hannuwan da suke tufka igiya su kamo bijimi, dalma ce za ta gagare su? Bencin shagona yana ɗaukar mutum biyu. Na gaya wa Baba, ya ce ɗiyarsa ba ta taɓa ajiye gyara a rabi ba.

Ya bugun ƙirjina, ya tauraron asubata, kewarka tana cina kamar gara cikin azara, waje lafiya, ciki gari. Ba na cin abinci, ba na jin rediyon da nake gyarawa. Ashe haka so yake, ya shaƙe mutum kuma ya hana shi mutuwa?

Ran Juma'a bayan magariba zan sauka Kore Mairuwa tare da gwaggona, mu tsaya gaban gidan Kawu Modibbo inda kake jinya. Ka sa a ajiye fitilar a bakin zaure. In na ga fari, na san kana so in ga dungulmin ƙafar yadda yake, zan shigo in gan shi, in wanke shi da hannuna. In na ga ruwan zuma, fuskarka zan fara dubawa. In kuwa ka kashe ta, Bafillace, ka ɓata wa kanka lokaci, don biyu na haɗa, ɗayar tana cikin jakata.

Taka ce ni, da ƙafa ko ba ƙafa, har ranar da za a rufe ni da jar ƙasar Arewa.

Zalihatu, mai gyaran rediyo da fitilu,
bakin tasha, Dogon Dutsi.