Igiyar da Na Ƙara wa Tsawo

Zuwa ga sanyin idona, ruwan randata a tsakar rana, inuwar da nake tunawa duk sanda rana ta ƙwalle a kan kogi, matata, 'yar tsohon matuƙi.

Bayan gaisuwa mai nauyin da jirgina ba zai iya ɗauka ba, albishirinki! Mijinki ya ga teku. Kwana goma sha tara muna gangarowa da buhu ɗari huɗu na albasa da gero, ni a kan sitiyari, makanikinmu a gindin inji, kuma cikin jirgin nan bai taɓa yashi ba. Ko sau ɗaya! Ina waɗanda ke zama a tasha suna cewa ni matuƙin fito ne kawai, iyakata daga wannan gaɓa zuwa waccan? A gaya musu na ratsa inda kogi ya rabu bakwai, na bi ƙoramun da itatuwansu ke tsaye da saiwa a waje, na ɗebi ruwa na kai baki na ji gishiri. Ki gaya wa Baba mahaifinki ma, a hankali, yadda zai ji daɗi.

Amma wa ya kawo ni, in ba ke ba? Kin tuna ranar da na fara riƙe wa Baba jirgi, kina zaune a kan buhu kina ɓare gyaɗa, na nufi wani wuri da ruwa ke ƙyalli yana 'yan murɗe-murɗe? Ba ki ko ɗago kai sosai ba kika ce, "Malam, in ka ga ruwa yana murmushi, yashi ne a ƙasa." Na kauce, na ji kunya, na kuma kamu, duk a lokaci ɗaya. A tafiyar nan ruwa ya yi mini murmushi ya fi sau ɗari, kullum kuma muryarki ce ke juya hannuna. Makaniki har ya ce aljanun ruwa nake da su. Na ce masa ɗaya ce, tana gida, kuma fushi take da ni.

Na san fushi kike, haskena. Ranar da kika nuna mini takardar makarantar ungozoma, idonki na walƙiya, na ce matata ba za ta yi shekara biyu a wani gari ba. Kin ce, "Kai da za ka yi wata biyu a ruwa?" Na ce wannan daban. Ba ki rako ni tasha ba. Sai a kwana na uku, ina neman riga, na tarar da takardar cikin ƙullin kayana, an ninke ta huɗu, inda miji zai sa hannu babu komai. Ba ki haɗa ta da ko kalma ɗaya ba, sai dai ranar rufe karɓa da kika ja wa layi: ƙarshen watan nan. Na mayar da ita aljihu, na ce ba zan sa ba.

To, bari in ba ki labarin da za ki yi wata guda kina yi mini dariya a kai.

Da hantsi muka iso tashar bakin teku. Kin san ni da igiya. Ba a banza kika sa mini Sarkin Ƙulli ba, tunda ko bakin buhun gawayi na ɗaure sai kin nemo wuƙa. Na jawo jirgi ya manne da katakon tasha, na ɗaure gaba da baya tamau, yadda ko yatsa ba zai shiga ba. Na tsaya ina kallon aikina, ina jira mutanen teku su zo su koyi ɗauri. Muka tafi cin abinci da sallamar takardun kaya.

Da muka dawo wajen azahar, sai na ga ƙafafun tashar a waje, baƙi ƙirin da laka. Ruwa ya janye, tsawon mutum guda! Mu da muka saba kogi ya cika sau ɗaya a shekara, wa ya gaya mana a nan sau biyu yake zuwa yana komawa a rana? Ga jirgina a rataye da igiyata, ya karkata, buhuna sun fara zamewa, igiyar na kuka kamar za ta tsinke. Wani dattijo mai gadin tashar yana ta dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Ɗana, daga kogi kuke ko? A nan ba a matse jirgi. Ba shi igiya. Ruwa zai sauka da shi, kuma ruwan ne zai dawo maka da shi."

Kada ki ce mijinki ya tsaya salati. Na naɗe igiyar a turke, na riƙa sakinta taƙi-taƙi, gaba sannan baya, har fatar tafina ta saluɓe, har jirgi ya zauna daram a kan ruwa. Ko buhu ɗaya bai jiƙe ba. Dattijon da kansa ya ce bai taɓa ganin wanda ya yi wauta irin wannan ya kuma gyara ta da kyau haka ba, ni kuwa rabin maganar na biyu na riƙe.

Sai na zauna a kan katakon, hannuna na zogi, ina kallon igiyar ta yi sako-sako. Kafin rana ta faɗi ruwa ya dawo, ya ɗago jirgin ya ajiye shi daidai inda na bar shi. Wallahi hawaye na yi, makaniki ya ɗauka zafin hannu ne.

Ya farin cikina, me na so in yi miki? Macen da ke karanta ruwa tun tana ɓare gyaɗa, ita zan rataye a jikin tasha don tsoron kada ta yi nisa? Ke da matan unguwa ke ƙwanƙwasa wa ƙofa tun ba ki da takardar komai? Tsoro ne ya sa na ƙi, ba wani abu ba, tsoron gida babu takunki. Har yanzu ina jin sa. Amma alfaharin da zan yi ranar da za a nuna ni a tasha a ce ga mijin ungozoma ya fi na ganin teku.

Komawata sama da kogi za ta ci mako uku, ga wata ya kusa ƙarewa. Don haka na ba direban wata mota da za ta garinmu wannan wasiƙa, jibi zai iso. Buɗe ninkin da ke ciki, takardar makarantarki ce. In kin ga rubutun a karkace, hannun ne a naɗe da tsumma, amma nawa ne, kuma da zuciya ɗaya na sa shi.

Ki tafi, kada ki jira ni. Abu ɗaya nake roƙo: duk hutu, ki dawo. Za ki same ni a tasha, bakin igiyar na hannuna, ban sake ta ba, tsawo kawai na ƙara mata.

Naki, yau da gobe, har numfashi ya ƙare,
Sarkin Ƙulli.