Wayon Iskoki

Kagoro

Zuwa ga abokina Malam Ƙasimu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya iyali, yaya Kafanchan?

Ɗan'uwa, na shiga uku. Mai makarantarmu, Madam Selina, ta aike ni bita a Kaduna. Wani Bature ya koya mana wai bayan wayon kai, yaro yana bukatar wayon "sifirit", wato ruhu a Turanci, ya san dalilin rayuwansa. Har da takarda na ba da maki. Madam ta ce in sa a allon ƙofa da Hausa. In na rubuta "ruhaniya", iyaye Musulmi za su ce wa'azin coci ne. In na rubuta "taƙawa", namu za su ce na buɗe Islamiyya. Sai na nemi kalma da ba na kowa ba, na sa: MUNA KOYAR DA WAYON ISKOKI.

Yanzu iyaye suna kwashe yara. Madam ta kira taron iyaye ran Asabar, ta ce in ya watse, aikina ya bi shi. Ka zo ka cece ni.

Naka,
Silvanus

Kafanchan

Zuwa ga Hedimasta Silvanus,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na yi dariya har matata Ruƙayyatu ta leƙo ta ga ko lafiya. Wa ya ce maka kalmar ba ta da mai ita? Ta 'yan bori ce! Ka gode Allah ba ka rubuta iskanci ba.

Abin da Baturenka ya kawo, mu gyaran zuciya muke ce masa: yaro ya san ana ganinsa ko malam ya bar aji. Maganar maki kuwa, wanda ya ci ɗari a tawali'u ya zo yana nunawa, ai ya faɗi.

Ba zan samu zuwa ba, ƙafata ta kumbura. Amma raina ya ɓaci da jin aikinka na rawa. A taron, kada ka kawo wa iyayen wani sabon suna. Tambaye su me suke ce wa yaro in ya yi sata.

Wassalam,
Ƙasimu

Kagoro

Ɗan'uwa,

Allah ya ba ka lafiya. A taron, Fasto Dogara da Liman sun zauna benci ɗaya don su gama da ni, abin da ban taɓa gani ba. Na miƙe na yi tambayanka. Coci da masallaci suka amsa baki ɗaya: "Ka ji tsoron Allah!" Sai suka kalli juna, kowa ya fashe da dariya. Ni dai hawaye na yi. Yara sun dawo, aikina yana nan.

Matsala ɗaya. Na ce wa mai fenti ya mai da WAYON ISKOKI ya zama TSORON ALLAH, sai ya gyara kalman farko ya tafi biki a Manchok. Allon yanzu yana cewa: MUNA KOYAR DA TSORON ISKOKI.

Naka har kullum,
Silvanus