Furen Da Ba A Miya Da Shi

Zuwa ga ɗiyata Amatullahi,

Bayan sallama da addu'a, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sauƙaƙa muku sanyin Jos. Mu nan Gwandu lafiya lau, sai gwiwa da ke damun mahaifiyarki.

Irin furen da kika aiko, wanda kika ce sunansa salbiya, ya yi. Zubin farko ya ƙone don na sa masa ɗanyen kashin shanu, kuskuren da bai dace da wanda ya shekara ashirin da shida yana malamin gona ba. Na biyu na rene shi a tsohon kwano, na dasa bayan rijiya. Yau ya kai mini ƙirji, kowane reshe da zangarniyar fure shuɗi kamar an tsoma a baba. Babu irinsa daga nan har Kalgo.

Sai dai kin san mutanenmu. Da suka ga ina ba shi ruwa da rani, suka yanke cewa magani nake ɓoyewa, wai mai hankali ba ya wahala kan abin da ba a miya da shi. Mata har daga Maruda suka riƙa zuwa roƙon ganye, wannan na shawara, waccan na basir. Na rantse kallonsa kawai ake yi, rantsuwar ta ƙara musu imani. Mahaifiyarki kuwa ba ta iya hana baƙo, ina fita masallaci sai ta tsinka musu. Cikin mako biyu, gindi tara ya koma uku, kuma ko ɗaya bai yi iri ba.

Sai na yayyanka tsohon gidan sauro na ɗaure zangarniyoyin, na kewaye da ƙaya, na jawo kujera na zauna gadi har suka bushe. Na samu iri cike da murfin kwalba. Shekaranjiya maƙwabcinmu Bawa makiyayi ya zo neman ganye domin saniyarsa. Na zuba masa ƙwara bakwai, na ce ya shuka nasa. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, sannan ya tsuguna ya tambaye ni zurfin rami da yawan ruwa. Tun da aka sallame ni daga aiki ba wanda ya taɓa tambayata yadda ake shuka komai. Har yanzu ya ɗauka magani ne, ban kuma musa ba. Na riƙe shi har aka kira la'asar.

Ki gaida Shamsuddeen da Huseina da ƙaramin Mubarak. Mahaifiyarki da goggonki Hauwa suna gaisuwa.

Mahaifinki,
Abdulbaƙi